Waya ba ta raino: zare kan waƙar da muka daina yi wa 'ya'yanmu

1/ Zan faɗi wata magana da na san za ta ɓata wa wasu rai, musamman sa'o'ina masu sabon aure a Kura da Bunkure da Garun Malam. Mun daina yi wa jariranmu waƙa. Mun miƙa wa waya aikin, kuma muna kiran hakan wayewa. Ni kam ban yarda ba. Zaren da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta kafin ku fara zagi.

2/ Leƙa gidajen matasa bayan magariba ka gani. Da yaro ya buɗe baki zai yi kuka, tun hawayen bai sauko ba an kunna masa katun, an jingina wayar da filo. Uwa ta koma kan tukunya, uba yana majalisa. Ɗan wata shida, ko zama bai iya ba, amma wai har yana da “bidiyon da yake so.” Kuma da alfahari ake faɗa.

3/ Wanda ba shi da data ma bai tsira ba. Zai je wajen mai caji, ya ba da ɗan canji, a cika masa memori da Cocomelon da Baby Shark. Wannan Baby Shark ɗin wani kamfanin Koriya ta Kudu ne, Pinkfong, ya sake shi a 2016. A Janairun 2022 ya zama bidiyo na farko da aka kalla sau biliyan 10 a YouTube. Kifin da ake yi wa waƙar kuwa, ko ɗaya babu irinsa a Tiga.

4/ Abin da ya fi ba ni haushi, mu ne fa muka fi kowa sanin ma'anar raino. Tambayi duk manomin tumatir a Kadawa. Ya sayi irin gwangwani da tsada, ya zuba a fangali, ya rufa masa ciyawa, ban ruwa safe da yamma, sati uku zuwa huɗu yana lallaɓa shi kafin dashe. Shinkafa ma sai an raine ta. Kowa ya san irin da ya wahala a raino, ko a gona mai taki aka dasa shi sai ya nuna.

5/ Babu manomin da zai bar fangalin irinsa a hannun baƙon da bai taɓa gani ba, ya tafi hira. Amma ɗan da ya haifa, a watannin da kunnensa da harshensa ke tsirowa, sai ya bar wa wani kamfani a ƙetaren teku. Kalma ɗaya Bahaushe ya ba ayyukan nan biyu. Mu ne muka raba su, muka fifita tumatir.

6/ Ba zan ɗora wa waya laifin duka ba. Ta zo ne ta tarar da waƙar tana jinya. Ciwon ya girme ta nesa ba kusa ba, kuma a yankinmu yana da alaƙa da ruwan da muke ci da shi.

7/ A 1974 aka gama madatsar Tiga, aikin da aka fara a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga nan aka jawo kanal zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, filin da aka tsara zai kai hekta 22,000, yau yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Alheri ne babba. Kasuwar Kwanar Gafan da injinan casa na Kura duk 'ya'yan wannan ruwa ne.

8/ To amma kafin ruwan, shekara tana da lokacin numfashi. In aka gama kaka, aka cika rumbu, sai bukukuwa, sai gaɗa a dandali in da farin wata, sai tatsuniya a ɗakin tsohuwa. A can 'yan mata ke kwasar waƙa tun kafin su san za su yi goyo. Yanzu shinkafa da damina, alkama da tumatir da albasa da rani, masara a tsakani. Gona ba ta hutawa, mu ma haka.

9/ Sannan waƙar matan Hausawa yawancinta a jikin aiki take. Akwai ta daka, wadda taɓarya ke riƙe mata kiɗa. Akwai ta niƙa a kan dutse. Akwai ta daɓe, ranar da mata za su taru su daɓe ɗakin amarya. Injin niƙa ya tafi da ɗaya, injin casa ya tafi da ɗaya, siminti ya binne ta ukun.

10/ Kada wani ya ce ina so a mayar da uwarsa kan dutsen niƙa. Allah Ya sa wa wanda ya ƙera inji albarka, bayan iyayenmu ya huta. Maganata ita ce, cikin ayyukan nan duka raino ne kaɗai inji bai karɓa ba. Yaro har gobe sai an goya shi, sai an jijjiga shi. Waƙarsa ce ta rage mana, ita ma ga shi mun sallama da hannunmu.

11/ Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: kunyar ɗan fari. A al'ada uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, wata ko kallonsa ba ta yi in da surukai a wurin. Uba ma haka. Wanda bai san tsarin ba sai ya ɗauka rashin ƙauna ne.

12/ Alhali tsarin da abokin tafiyarsa. Mai haihuwar fari gidan iyayenta take komawa wankan jego. In ta dawo, gidan gandu ne: ga kaka, ga gwaggo, ga matan ƙannen miji, ga 'yar raino. Uwa ta yi kunyarta, su kuma su yi ta cilla yaro sama suna yi masa waƙa da kirari. Kaka ta kira shi mijinta, ta tsokane shi, ta rera masa har ya yi barci. Yaron bai rasa komai ba.

13/ Yanzu fa? Saurayi ya sayar da shinkafarsa, ya yi ɗaki biyu da falo a bayan gari, ya sa ƙyaure mai kwaɗo. Kaka tana cikin gari, sai ranar Juma'a ake kai mata yaro ta sa albarka. 'Yar rainon tana makaranta, kuma can ya kamata ta kasance. Sai ya zama mun kwaso kunyar mun taho da ita sabon gida, mun baro waɗanda ke cike gurbinta.

14/ Ɗan farin zamaninmu shi ya fi kowa asara. Uwarsa tana jin nauyin rera masa, ubansa yana ganin zubar da girma ne, kakarsa tana nesa. Wa ya rage? Tecno.

15/ Ku tuna abin da ke cikin waƙar raino ta tsofaffinmu. Sunan yaron da kansa. Sunan ubansa da na kakansa, da sana'ar gidansu, ko marina ne ko maƙera ko manoma. Alkawarin cewa uwarsa na nan dawowa. Addu'a. Wani lokaci har da habaici ga kishiya ko ga mijin da bai kawo cefane ba, a saka a bakin waƙa a huce. Kowace tsohuwa tana sauya baiti ya dace da yaron da ke hannunta.

16/ Shi kuwa katun, abin da ya rera wa ɗanka a Karfi shi ya rera wa wani a Manila, babu ragi babu ƙari. Bai san sunansa ba. In ya yi murmushi ba zai tsaya ya mayar masa ba. In barci ya fara ɗaukarsa ba zai sassauta murya ba, sai ma ya tsallaka bidiyo na gaba da sabon ihu.

17/ Na san za a ce wannan surutun 'yan da ne. To bari mu je wajen Turawan da kuke ganin su kuke koyi da su.

18/ A Disambar 2023 masu bincike na Jami'ar Kambirij a Ingila da Kwalejin Trinity ta Dublin suka fitar da wani nazari a mujallar Nature Communications, ƙarƙashin Farfesa Usha Goswami. Jarirai 50 suka bibiya, suna auna motsin ƙwaƙwalwarsu a wata 4, wata 7 da wata 11, yayin da suke sauraron wata malamar firamare tana rera waƙoƙin yara 18.

19/ Abin da suka gano: jariri ba ya fara tantance ƙwayoyin sautin magana da kyau sai wajen wata bakwai, kuma ko a wata goma sha ɗaya abin bai gama zama ba. Amma kari, wato hawa da saukar murya da inda ake dannawa da inda ake ja, wannan tun da wuri ƙwaƙwalwarsa take kama shi. A kan karin yake gano inda kalma ta fara da inda ta ƙare. Shawarar Goswami ga iyaye ita ce su yawaita magana da rera wa jarirai.

20/ Wani mai wayo zai ce, ai a bidiyo aka nuna wa jariran malamar. Haka ne, don a tabbatar kowane yaro abu ɗaya ya ji lokacin awo. Sun auna abin da ƙwaƙwalwa ke kamawa ne, ba su ce bidiyo zai koyar da harshe ba. Wannan tambayar wata ce ta amsa ta shekara ashirin kafin nan.

21/ Patricia Kuhl, a Jami'ar Washington da ke Siyatil, 2003. Ta ɗauki jariran Amurka 'yan wata tara da ba su taɓa jin Sinanci ba. Wasu aka haɗa su da masu jin yaren ido da ido, zama 12, ana wasa ana karanta musu littafi. Wasu aka kunna musu mutanen nan dai a talabijin. Wasu murya kawai.

22/ Da aka gwada, waɗanda suka zauna da mutum sun iya bambance sautukan Sinancin da kunnen Bature ba ya rabewa. Na talabijin da na murya kuwa, kamar ba su taɓa ji ba. Mutum ɗaya, magana ɗaya, tsawon lokaci ɗaya. Bambancin kawai, wannan yana kallon idon yaron, wancan yana bayan gilashi.

23/ Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2019 ta ce yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Mu a nan awa ɗaya ai kafin a sauke tuwo ta ƙare.

24/ Binciken Kambirij da Turanci aka yi shi, amma ni a ganina mu ya fi shafa. Hausa harshe ne da karin sauti da tsawon wasali ke sauya ma'ana. Gari na zama da gari na tuwo. Kuka na hawaye da kuka ta miya. Baba mahaifi, da baba da ake rini da shi, wanda Kura ta yi suna a kansa tun kafin shinkafa. A rubuce duk ɗaya ne, a kunne kowa da hanyarsa.

25/ Babu malamin da ya taɓa zaunar da kai ya koya maka wannan bambanci. A bayan uwarka ka sha shi. Waƙar Hausa kuma, ta baka da rubutacciya, a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi aka gina ta. Duk lokacin da tsohuwa ta ja wani wasali ta datse wani, darasi take bayarwa, ita ba ta sani ba, yaron bai sani ba.

26/ Sai kuma masu cewa, “Ai so nake ya tashi da Turanci.” Madalla, ni ma ina so. Jarrabawa da Turanci ake yi, neman aiki da Turanci. Amma ku duba sakamakon da idonku: yaro ɗan shekara uku yana iya jero launuka da Turanci kamar aku, ka ce masa “je ka kira Inna ta zo” ya tsaya yana kallonka. Haddar sauti daban, magana daban.

27/ A wasu makarantun kuɗi na rainon yara za ka ji aji guda suna ihun waƙar wata gada da ke Landan. Yaran da duk ranar da za a kai su birni sai sun haye gadar Tamburawa, amma babu wanda ya taɓa rera musu ita. Malamar ma haddacewa ta yi. Iyaye na leƙe ta taga suna jin daɗi kuɗinsu bai faɗi ba.

28/ Kuma kada ku jira gwamnati. A Nuwambar 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa. A Nuwambar 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin, aka koma Turanci tun daga ajin farko. Ko kana goyon baya ko ba ka yi, ma'anarsa ɗaya ce: Hausar da ɗanka zai samu mai zurfi, a gida zai same ta ko ya rasa.

29/ Wani zai ce Hausa ai ba za ta mutu ba, miliyoyi ke yin ta. Gaskiya ne, ta ciniki da ta zagi a Facebook suna nan daram. Wadda ke tafiya ita ce ta cikin ɗaki: kalmomin lallashi, kirarin gida, sunayen wasa da kaka ke raɗa wa jika. Irin wannan ba a kasuwa ake tsintar ta ba.

30/ Yanzu ga ku, maza 'yan uwana. Da na fara zaren nan na san da yawa kun gyara zama kuna jiran in caccaki mata. A'a malam, da kai nake.

31/ Kai ne kake kwana a bakin kanal kana jiran layin ruwanka, kana rera waƙar fim da ƙarfi don kada barci ya ɗauke ka. Kai ne lokacin siyasa ka haddace waƙar ɗan takara baiti talatin, har da amshi. Kai ne in jan baki ya sauka a shinkafa kake ihu tun asuba har muryarka ta dishe. Amma a miƙo maka ɗanka minti biyar, sai ka ce kai namiji ne, ba ka iya ba.

32/ Ita kuwa matar, tun safe tana kan tukunyar turara shinkafa, hayaƙi a ido, ko tana yankan tumatir na kauɗa, ga girki, ga wanki, ga goyo. In ta miƙa wa yaro waya don ta samu ta sauke tukunya kada ta ƙone shi, wallahi ban ga laifinta ba. Laifin na ga ƙaton da ya dawo daga gona, ya yi wanka, ya ci abinci, ya fice teburin mai shayi har sha ɗaya na dare yana gardamar Arsenal.

33/ Kunyar ɗan fari ta yi aikinta a gidan da ke da mutum ashirin. A gidan da daga kai sai ita sai yaron, wa kake jin kunya? Katanga?

34/ Akwai masu kawo addini. Ni ba malami ba ne kuma ba zan shiga saɓanin malamai kan kiɗa ba. Amma a nan babu ganga, babu fiyano, uwa ce ko uba da muryarsa da ɗansa a ɗaki. Nana Asma'u 'yar Shehu da waƙa ta karantar da mata ta hannun jajis ɗinta. A makarantar allo da ta Islamiyya da rerawa muka haddace baƙaƙe. In kana ƙyamar waƙar banza, sa addu'a da salati a bakin taka.

35/ Abin dariyar, wanda zai ce maka waƙar raino bata lokaci ce, sau da yawa a gidansa ne katun mai kiɗa ke tashi tun safe. Wancan bai dame shi ba tunda da Turanci ne.

36/ “Muryata ba daɗi.” Jariri ba alƙalin gasa ba ne. Muryar uwarsa tun yana ciki yake jin ta, ya fito ya gane ta cikin sauran muryoyi. Taka ma in yana ji kullum zai san ta. Bai taɓa jin Shata ba balle ya gwada ku.

37/ “Ban san ko ɗaya ba.” Wannan ita ce amsar gaskiya, kuma ita ta fi ban tsoro, don tana nufin zaren ya riga ya tsinke a kanmu. To ƙirƙira. Tsofaffin ma ba daga littafi suka ɗauko ba. Sunan yaron, abin da kake yi a lokacin, abin da ke gabanku: akuya, buta, jirgin da ya wuce, motar tumatir da ta nufi Legas. Ka maimaita, ka ja murya, ka jijjiga shi daidai da karin. Gobe ka sake. Kwana uku zai fara jiran wurin da kake ɗaga murya.

38/ Lokacin ma ba sai an ware ba. Wanka, shafa mai, sa riga, goyo, hanyar zuwa awo a bayan babur. Babu data, babu caji, ba ruwanka da an kawo wuta ko an ɗauke.

39/ Mawaƙanmu na zamani kuma, ku ji kunya kaɗan. Waƙar soyayya dubu, ta 'yan siyasa dubu, ta amarya da ango kowane Asabar. Ta yara fa? Sai an tona. Marigayi Ibrahim Yaro Yahaya tun farkon shekarun 1970 ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni don 'yan makaranta, ba shi da situdiyo ba shi da TikTok. In kun yi, ku yi ta yadda uwa za ta koya ta rera da bakinta, kada ku ƙara mana wani abin jinginawa a filo.

40/ Wayar ma tana da aikin da za ta yi mana, kuma na gaggawa ne. Matan da suka yi gaɗa a dandalin Kura da Bunkure kafin ruwan Tiga ya iso, yau sun haura sittin, wasu saba'in. Su ne na ƙarshe da suka koyi waƙoƙin nan a inda ake yin su. Duk wadda aka kai makwanci, da nata kundin take tafiya.

41/ Ranar Juma'ar nan in kun kai yaro gaisuwa, kada ku tsaya a “ina wuni, Iya” ku ajiye goro ku tashi. Ku ɗora mata shi a cinya, ku ce ta yi masa irin wadda ta yi wa babansa. Za ta ce ta manta. Za ta ce ku rabu da ita, ta tsufa. Ku yi shiru ku jira, yaron da kansa zai ciro ta daga bakinta.

42/ Ku nemi izininta kafin ku danna rikodin, kuma in ta ce kada a sa a intanet, kada a sa. Wadda ta yarda, ku turo nan ƙasa, ku rubuta garin: Karfi ne, Kosawa, Ɗan Hassan, Gurjiya, Barkum, Chiromawa. Ina so mu ji ko ta Bunkure da ta Kura ɗaya ce, ko kowane gari da yadda yake ja.